Lambar Jikin Kwali Ba Ita Ce Ƙarfin Amfilifaya Ba

Saurayi kan sayi wufa, wato babbar lasifikar nan da ake girkawa a bayan mota don ta fitar da amo mai kauri, sannan ya shiga kasuwa neman amfilifayar da za ta ba ta ƙarfi. Abin da kan fara ɗaukar idonsa shi ne lambar da aka rangaɗa a jikin kwali: wat 2,000, ko ma 3,000. Galibi wannan lamba ado ce kurum. Tana nufin ƙarfin da na'urar kan taɓo na ƙiftawar ido, in ma ta taɓo shi. Lambar da ta cancanci dubawa ita ce mai ɗauke da haruffan RMS, domin ita ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa ba yankewa, kuma ita ya kamata ta yi kusa da RMS ɗin wufar.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama ƙaryar kwali. Idan injin mota yana aiki, wutarta kimanin bolt 14 ce. Sai a dubi fis ɗin da ke jikin amfilifayar. In na amfiya 20 ne, to 14 sau 20 ya ba da wat 280, kuma na'urar ba za ta daɗe tana jan fiye da haka ba fis bai ƙone ba. Daga ciki ma wani kaso zafi yake zama: kusan rabi a amfilifaya ajin AB, kamar ɗaya cikin biyar a ajin D. To, wat 2,000 daga ina?

Sai batun om, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Wufa biyu masu om 4, in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 2, in aka jera su ɗaya bayan ɗaya sun zama om 8. Amfilifayar da aka ƙera don om 4, aka ɗora mata om 2, za ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, balle a bayan motar da ta yini cikin ranar bazara. Ƙaramar amfilifaya ma ba ta da tabbas: in aka murɗa ta fiye da kima sai sautin ya gurɓace, naɗin wayar da ke cikin wufa ya gasu. Kuɗin da za a ƙara don babbar lamba gara a sa su a waya mai kauri ta jan ƙarfe, da fis kusa da batir.

Amma akwai na'ura ta ƙarshe a wannan jeri da mai saye kan manta da ita, wato kunne. A can ciki, cikin wani sashe mai siffar dodon-koɗi, akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000 da ke mayar da girgizar sauti saƙon jijiya. Ninka ƙarfin amfilifaya ba ya ƙara komai sai desibel 3, abin da kunne kan ji a matsayin ɗan ƙari kaɗan. Sai dai a ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar a 1998, kowane desibel 3 yana raba lokacin da kunne ke iya jurewa gida biyu: awa 8 a desibel 85, minti 15 kacal a desibel 100. Wufa a rufaffiyar mota kan zarce haka ba da wahala ba. A ƙarshen shekarun 1980 masana suka gano cewa tsuntsaye na sake tsiro da waɗannan ƙwayoyi in sun lalace. Na ɗan Adam kuwa ba sa dawowa, kuma kukan da kunne kan yi bayan an fito daga motar alama ce ta cewa an riga an wahalar da su.