A Tambayi Manya Tun Suna Nan

Mu da muka tashi da kaset ɗin Santana da Osibisa, ba mu ga wasan Soul to Soul da idonmu ba, a bakin iyayenmu muka ji shi. An yi shi ne ranar 6 ga Maris, 1971, a filin Black Star da ke Ankara, ranar da Gana ta cika shekara 14 da samun mulkin kai. Daga Amurka Wilson Pickett ya zo, da Santana, da Roberta Flack, da Ike da Tina Turner. Aka kwana ana kiɗa har gari ya waye.

To, ga abin da ke damunmu. Tina ta mutu a 2023, Roberta a 2025. Samarin da suka cika filin nan kuwa yau sun haura saba'in. Fim ɗin wasan yana nan, amma mawaƙa ya fi nunawa. Yadda aka sami kuɗin shiga, da yadda aka lallashi iyaye, wannan sai a bakin tsofaffinmu na zango.

Saboda haka 'yan makaranta, ku ɗauki biro da takarda ku je gaida kakanni. Allah ya ja kwanansu.