Masu bidiyo a Garwa da kuɗin kirifto: daga aljihun wa ladan yake fitowa?

Duk mai bin shafukan matasanmu na Garwa, Marwa da Ngaundere a TikTok ya san wannan: ƙarƙashin bidiyon barkwanci, ko na koyar da gyaran waya, wani lokaci har na tunatarwa, sai ka ga an liƙa lambar gayyata, an ce ka yi rajista da ita a wata manhajar kirifto. Ɗalibai da dama suna tambaya ko halal ne a biya mutum da wannan kuɗi. Tambayar ta dace, amma akwai wadda ta riga ta.

Ba son zuciya kaɗai ya kai yaran nan can ba, ƙofofin da aka saba ne a rufe. Shirin da TikTok ke biyan masu bidiyo bisa yawan kallo an buɗe shi ne ga ƙasashe kaɗan irin su Amurka, Ingila, Faransa da Jamus, babu Kamaru a ciki. PayPal ya shigo ƙasar nan a 2014, amma don a biya da shi, ba don a karɓa ba. To yaron da ya yi wa wani kamfani na waje fassara, ko zane, ko haɗa bidiyo, ta ina haƙƙinsa zai iso? Nan USDT ya samu shiga. Kuɗin intanet ne da kamfanin Tether ke fitarwa, an ɗaure darajarsa da dalar Amurka. A turo masa a waya cikin mintuna, ya sa shi a kasuwar da ake kira P2P, manhaja ta riƙe kuɗin har mai saye ya tura masa sefa ta Orange Money ko MTN Mobile Money, sannan ya saki. Mutanen da suka taso suna ganin 'yan canji na juya naira da sefa tsakanin Garwa da Yola ba su ga baƙon abu a nan ba.

Wannan ladan aiki ne. An yi aiki sananne, an biya farashi sananne. Saɓanin malamai a kansa ya tsaya ne kan kuɗin kansa, kuma saɓani ne na gaske. Muftin Masar na lokacin, Shaikh Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garar da cutarwar da ke ciki. Majalisar malaman Indonesiya a 2021 ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi, ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja. Kwamitin shari'a na hukumar kasuwar hannun jari ta Maleshiya kuwa a 2020 ya halatta cinikinsa a dandalin da aka yi wa rajista. Mai karɓar ladansa ya mayar da shi sefa a ranar yana da malaman da zai jingina da su.

Lambar gayyata wani abu ne daban, kuma nan ne muke ganin matsalar take. Idan mai bidiyo ya kawo mutum dandalin ciniki, dandalin yana ba shi kaso daga kuɗin hidimar da ake cirewa a duk cinikin da wannan mutum ya yi. Ko ya ci riba ko ya faɗi, kason yana shiga. Hasali ma wanda ya fi shiga da fita, wanda yake bin asararsa yana neman ramawa, shi ya fi kawo wa mai gayyatarsa kuɗi. Dillanci halal ne a shari'a, kakanninmu sun ci abinci da shi a kasuwar shanu da ta goro. Sai dai dillalin kasuwa kowa ya san dillali ne, an san la'adarsa, kuma gobe za a same shi a rumfarsa. Mai bidiyon da ya nuna hoton riba, ya ɓoye cewa ana biyansa kan kowane kai, yana sayar da amanar masu binsa ne ba su sani ba. Abin ya fi muni idan da wa'azi ko karatun Alƙur'ani ya tara mabiyan.

Mu a Kamaru ba labari aka ba mu ba. Tsarin Liyeplimal na kamfanin Global Investment Trading, wanda Emile Parfait Simb ya kafa, ya yi alkawarin riba tabbatacciya da sunan kirifto, ya bunƙasa ta hanyar gayyata da tallan masu suna a intanet. Hukumar COSUMAF mai kula da kasuwar kuɗi ta yankinmu ta yi gargaɗi a kansa, aka yi kunnen ƙashi. Daga baya kuɗin jama'a suka maƙale, shi kuma ya bar ƙasar a 2022. A Najeriya haka CBEX ya rufta da mutane a Afrilun 2025. Ko wasan danna waya na Hamster Kombat, da ya hana yara barci a 2024, wanda ya tara gayyata shi ya fi samun rabo. Da aka fara sayar da kuɗin ranar 26 ga Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba.

Akwai kuma batun doka, wanda masu talla ba sa ambata. Ranar 6 ga Mayun 2022 hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan ƙasashen CEMAC ta hana bankuna, ƙananan cibiyoyin bashi da kamfanonin biyan kuɗi shiga harkar kirifto. Ta yi haka ne makonni kaɗan bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta ayyana Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa, matakin da ta janye a 2023. Dokar ba mai waya take magana a kansa kai tsaye ba, amma ma'anarta a gare shi a fili take: idan ciniki ya lalace, ko aka yaudare shi da saƙon biya na bogi ya saki kuɗinsa, babu banki ko ofishin da aka ɗora wa maido masa. Reshen BEAC da ke nan Garwa sefa ya sani.

Shi ya sa muke ganin limamai da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, musamman a Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, su daina tsayawa kan “kirifto halal ne ko haram” kawai. Amsa ɗaya ba za ta rufe mai fassarar da aka biya da USDT da mai raba lambar gayyata ba. Duk ɗalibin da ya zo da tambayar, a fara tambayarsa wa ke biyansa, kuma a kan me. Idan kan aikin hannunsa ne, a yi masa bayanin saɓanin malamai, a gargaɗe shi kada ya saki kuɗi sai ya ga sefar a asusunsa da idonsa. Idan kan kawunan masu binsa ne, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya faɗa musu a cikin bidiyon cewa ana biyansa, ya faɗi nawa, kuma ya faɗa musu cewa uwar kuɗinsu tana iya tafiya baki ɗaya.