Mai Ɗaukar Hoto Ya Koyi Halin Maharbi

'Yan'uwana ɗalibai, ina da 'yar magana game da hotunan namun daji da mukan kawo daga yawon buɗe ido. In ka duba yawancinsu, sai ka ga fuskar mutum ta cika hoton, ga wani baƙin abu can baya kamar suri, wai ita ce giwa. To, malamin da zai koya wa yara dabbobin ƙasarsu, wannan zai nuna musu?

Ni a Ojoo na tashi, cikin Hausawan Ibadan, kuma tsakaninmu da gidan namun daji na Jami'ar Ibadan tafiya kaɗan ce a tasi. Tun 1948 aka fara ajiye dabbobi a wurin. Nan na fara gwada hannuna, na kuwa ɓata hotuna da yawa kafin in gane cewa dabba ba ta tsaya wa kowa. Kai ne za ka tsaya mata. Saboda haka nake ganin duk mai niyyar zuwa Yankari ya fara yin yini guda a irin wannan wuri, ya zauna gaban dabba ɗaya har ta manta da shi.

Yankari kuwa, wadda aka keɓe a ƙasar Bauchi a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, daji ne sosai, babu keji. Lokacin zuwa shi ne ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta kora giwaye da ɓauna da gwanki zuwa bakin kogin Gaji. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da tsakar rana dabbobi suna inuwa, hasken kuma ƙona hoto yake yi. Ka sa rana a bayanka, ka auna idon dabbar, domin in ido ya fito sarai, sauran jiki ko ya ɗan dushe ba laifi.

Sauran ilmin wurin maharba yake. Maharbi ba ya sa farar riga, ba ya surutu, kuma yakan bar iska ta bugo fuskarsa don kada ta kai wa nama warinsa. Mu fa? Mota guda ana shewa, kowa yana cewa direba ya matsa. Wannan ne abin da ya fi damuna. Giwa mai ɗa, in ta baza kunnuwa ta fuskanto ku, ba gaisuwa take yi ba. Kada kowa ya sauka sai da izinin ɗan rakiya, kada kuma a kunna fitilar kyamara.

Wani zai ce ai waya ba ta hango nesa, dole a matsa. Na ji, amma gara a ɗauki garken duka da itatuwansa da ruwansa. Yaro zai fi ƙaruwa da wannan, don ya ga inda dabbar ke zama.

Bika kam, ku yi hankali da shi a sansanin Wikki. Na ajiye burodina a gefe ina neman hotonsa, ashe shi ma ni yake kallo. Kafin in danna, ya sure ledar ya haye bishiya. Hoton wutsiyarsa kaɗai na samu, yana nan a akwatina ga mai son gani.