Arlit: Wane gyaran murhu ne na mai gida, wane ne na gwani?

Daga Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta sauko daga hamada, babu abin da gidajen Arlit da Akokan ke matsa wa kamar wuta. Risho na gas na aiki tun asuba, kaskon gawayi na shiga ɗaki da dare, murhun shayi kuwa ba ya hutawa. Idan ɗayansu ya samu matsala, da wuya mai gida ya nemi wani. Zai ɗauko filaya da waya da guntun robar tayar babur, ya tsuguna.

Ba abin dariya ba ne, kuma ba rowa ba ce kawai. Arlit gari ne da aka kafa saboda aikin ma'adinai, kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, kuma shekaru hamsin ke nan yara na tasowa a gidajen makanikai da masu walda da masu aikin lantarki. Ga nisa: Agadez na da sama da kilomita 200 daga nan, kayan gyara mai kyau ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Wanda ya girma yana ganin mahaifinsa na kwance injin ya mayar, ba zai ga dalilin biyan wani kuɗi a kan ɗan risho ba.

Sai dai gyaran murhu kashi biyu ne. Akwai wanda idan aka yi kuskure a cikinsa tuwo ne kawai zai makara. Akwai wanda kuskurensa ke cin ɗaki da waɗanda ke kwance a ciki.

Na farkon, kowa ya kamata ya iya. Idan wutar risho ta koma ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, yawanci ƙura ce ko maiƙo suka toshe ramukan da wuta ke fitowa, abin da ba a rasa ba a garin da yashi ke shiga har cikin kwano. A kashe gas, a cire kan, a wanke, a bushe, wutar za ta dawo shuɗiya. Canza tiyo ma ba ya buƙatar takardar shaida, in dai tiyon na gas ne ba na ruwa ba, kuma an matse bakinsa biyu da zoben ƙarfe. Tiyo mai inganci na ɗauke da shekarar da wa'adinsa zai ƙare a rubuce a jikinsa, amma mutum nawa ne ke dubawa? Gwajin yoyo kuwa ruwan sabulu ne: a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa yana tasowa, gas na fita. Masu gwadawa da ashana har yanzu suna nan.

Inda dabara ke zama ganganci shi ne kan tukunyar gas da detandar, wato abin da ke daidaita ƙarfin fitar iskar. Detandar da ta fara yoyo ba a ɗaure ta da roba, ba a buɗe cikinta, sabuwa ake saya. Bakin tukunyar da ya lalace na mai sayar da gas ne, a mayar masa. Akwai kuma wata dabarar ta lokacin sanyi da ta fi duka muni. Gas ɗin butan, irin wanda matatar SORAZ ta Zinder ke samarwa tun 2011, ƙarfinsa na raguwa idan gari ya yi sanyi, don haka da asubar Janairu wutar kan yi rauni ko da tukunyar ba ta ƙare ba. Sai a ga an kwantar da ita, ko an jijjiga, ko an matso da ita kusa da garwashi don ta ɗumama. Kwantar da tukunya na tura gas ɗin yana ruwa-ruwa cikin tiyo, wutar ta yi tsalle. Kuma butan ya fi iska nauyi: in ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, daidai inda ake shimfiɗa tabarma.

Gyara na biyu da ke kisa, mutane ba sa ma ɗaukarsa gyara. Shi ne toshe kowace kafa ta ɗaki da tsumma da kwali don kada sanyi da ƙura su shigo, sannan a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, abin da mai barci ba zai farka ya gane ba. Babu gwanin da zai gyara wannan da sifana. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafa ɗaya a buɗe.

Duk wannan ana iya faɗarsa a Maraɗi ko Katsina. Abin da ya keɓanci Arlit shi ne ƙarfen da ake gyaran da shi. A Disamban 2003 masana daga cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun zo garin bisa kiran ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, suka gano tsofaffin ƙarafa masu ɗauke da gurɓatar yuraniyom ana sayar da su a kasuwa. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta zo, ta sake samun irinsu, ta kuma auna tururin nukiliya a wani titin Akokan da ya kusan ninka na al'ada sau 500. An yi aikin kwashe wasu daga baya, amma ƙarfen da ya riga ya shiga gidaje ya zama ƙofa, ya zama rufi, ya zama kayan girki. Ido ba ya bambance shi da sauran. Matashin da ya tsinci guntun bututu mai kauri ya yanka ya yi murhu, ko ya naɗe kwano ya yi kasko, ya yi aiki mai kyau a ido, amma bai san daga ina ƙarfen ya fito ba, kuma a kansa za a dafa abincin yara shekara da shekaru. A nan ko maƙerin da ya fi kowa iyawa bai isa ba, na'urar awo ce kaɗai ke iya faɗa. Murhu a Arlit gara a yi shi da sabon ƙarfe da aka san inda aka sayo, ko da ya fi tsada.

To ina gwanin da za a kira? Wannan ita ce tambayar da masu cewa "a nemi ƙwararre" ke tsallakewa. 'Yan Nijar da ke zaune a Faransa sun san cewa doka ta tilasta a kira ƙwararre ya duba injin ɗumama gida sau ɗaya a shekara, tun 2009. A Ingila babu mai taɓa gas ɗin gidan wani don kuɗi sai yana cikin rajistar Gas Safe. A Arlit duk mai jakar sifana gwani ne, kuma wani lokacin robar da mai gida zai ɗaura ita shi ma zai ɗaura, ya karɓi kuɗi a kai. Wanda aka taɓa yi wa haka ba a ga laifinsa ba in ya ce gara ya yi da kansa.

Abin takaicin shi ne hannayen suna nan cikin gari. Ranar 31 ga Maris, 2021, COMINAK ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke yi mata kwangila. Cikinsu akwai waɗanda suka yi shekaru suna aiki da bututu da injuna a ƙarƙashin ƙasa, inda ake koyar da ƙa'idar tsaro kafin a koyar da komai. Magajin gari da dillalan gas za su iya tantance kaɗan daga cikinsu, a ba su kati, a manna sunayensu da farashin aiki a duk shagon da ake canza tukunya. Tunda gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa a Yunin 2025, babu kuma wani uzurin da zai hana a ware rana a mako a fito da na'urar awo kasuwar 'yan ƙarafa, duk mai shakka kan murhunsa ko tukunyarsa ya kawo a duba masa kyauta.

Kafin a kai can, 'yan garin da ke Tamanraset ko Tarabulus ko Marsel suna da abin da za su iya yi tun wannan hunturun. Ana aiko da waya, ana aiko da bargo. Sabuwar detandar da tiyo mai wa'adi da ƙaramar na'urar batir mai kururuwa idan kabon monoksaid ya taru a ɗaki, duka ukun za su shiga ledar da ake saka takalmi, kuma ƙanen da ke gida zai iya ɗaura su da kansa.