Ranar da Ummu Kulsum ta sauke mahaifinta daga dandamali

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Anjamena da Umdurman ya san muryar nan, ko da bai san mai ita ba. A wurin mai shayi za ka ji ta, a motar haya ma haka, waƙa ɗaya ta kusa awa guda ba ta ƙare ba. Ummu Kulsum ke nan ta ƙasar Masar. Ƙuruciyarta nake so mu duba yau, saboda 'yan'uwa da ke tambayata yadda za su yi da yaron da ya nace sai ya karanci waƙa.

'Yar limamin ƙauye ce a yankin Daƙahliyya. Abin da limanci ke kawowa ba ya riƙe gida, don haka malam yakan je bukukuwa da Maulidi yana rera madahu, ɗansa Halidu na yi masa amshi. Yarinyar tana gefe tana saurare, har ta haddace abin da ake koya wa wanta. Da uban ya ji muryarta sai ya fara tafiya da ita, amma cikin kayan maza, don kada bakin mutane ya taɓa gidansa. Kun ga dabarar talaka: ga mutunci yana karewa, ga abin tuwo yana nema.

A wajen 1923 suka koma Alƙahira, uba da wa duk suna biye. Can ta tarar murya kaɗai ba ta isa ba. Waƙar Larabawa ta gargajiya ilimi ce mai zaman kanta. Akwai abin da suke kira maƙami, wato tsarin hawa da saukar murya, kowanne da ƙa'idarsa, kuma dole mawaƙi ya iya fita daga wannan ya shiga wancan ya dawo ba tare da ya ɓata ba. Ta zauna gaban Shehu Abul Ila Muhammad yana koya mata rera ƙasidu, Ahmad Rami kuma ya buɗe mata ƙofar adabi. Karatu da rana, wasa da dare, gida na jiran kuɗin cefane. Ni dai a ganina makarantar allon da ta yi ce ta cece ta, domin wanda ya goge da tajwidi ba ya cinye harafi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutanen birni suna yi mata kallon 'yar ƙauye, ga dangi tsaye a bayanta da rawani suna amshi, babu kayan kiɗa. A 1926 ta yanke shawara: ta ɗauko ƙwararrun makaɗa, irin su Muhammad Ƙasabji mai kaɗa udu, garayar Larabawa, da Sami Shawwa mai goge. Uban da ya koya mata baitin farko ya sauka daga dandamali.

Wallahi na daɗe ina juya wannan a raina. Mu 'yan kasuwa mun san zafinsa. Ka buɗe rumfa da guminka, ka koya wa yaro awo da lissafi, wata rana ya ce, "Baba, zauna ka huta, yanzu ta waya ake ciniki." Gaskiya ya faɗa, amma ba ta da daɗin ji. Wasu iyayen a nan suke rantsuwa sai dai rumfar ta mutu. Shi malam bai ɗauke 'yarsa ya mayar ƙauye ba, alhali a zamanin yana da ikon yin haka. A wurina wannan ya fi kayan mazan nan nuna ko wane ne shi.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Da aka buɗe gidan rediyon Masar a 1934 muryarta ta shiga gidaje, kuma shekara da shekaru Alhamis ɗin farkon wata ranarta ce. Ta koyi tsayawa da kanta wajen cinikin kwangila, an kuma shaide ta da tsauri a kan kuɗi, abin da ba zan ga laifinta ba.

Sai dai kada mai son tura 'yarsa ya dubi tafi kawai. Ummu Kulsum ba ta zauna gidan aure ba sai 1954, lokacin da ta auri wani likita, Hassan Hifnawi, shekarunta sun kai hamsin ko kusa. Ta rasu a watan Fabrairun 1975, ba ta bar ɗa ko 'ya ba.