Ambaliya da kwalara: ruwan da ya janye bai gama ɓarna ba



Duk shekara idan damina ta kankama, labari iri biyu ne ke cika mana waya. Na farko bidiyon ambaliya: gada ta karye, gidaje sun nutse, tireloli sun yi layi. Na biyu saƙon murya ne daga unguwa: "Wane ba shi da lafiya, ciki ne ya ɓaci." Kafin a kwana biyu sai ka ji an ce a fito jana'iza. Mukan ɗauki na farko a matsayin labarin ƙasa, na biyu kuma ƙaddarar gidan wane. Ni a nawa ganin labari ɗaya ne, kuma kashi na biyun shi ne wanda muke da abin yi a kansa.

Mu fara da ruwan. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 ta dawo da ƙarfinta, mutum sama da 600 suka rasu. A duka shekarun biyu, bayan ruwan sama mai yawa, an saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke Kamaru, ya biyo kogin Binuwai ya haɗu da Neja a Lokoja, ya gangara Anambra da Delta da Bayelsa. An gama Lagdo tun 1982, kuma tun wancan lokacin ake maganar Najeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, jihar Adamawa, domin ta tare ruwan. Har yau magana ce.

Duk wanda abincinsa ke kan hanya bai manta watan Oktoban 2022 ba, lokacin da ruwa ya shanye titi a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Mu 'yan kara mun san abin da hakan ke nufi, domin saniya a cikin tirela ba buhun masara ba ce, idan ta kwana uku babu ciyawa babu wurin kwanciya, asara ta shigo. Sannan ga Mokwa, ranar 29 ga Mayun 2025, ana saura kusan mako guda Babbar Sallah. Ruwa ya sauko da asuba ya tafi da mutum sama da 150, cikinsu har da mutanen Unguwar Hausawa, a garin da kusan duk motar dabbobi ko kayan gwari mai zuwa Ibadan da Legas ta hanyar Jebba take ratsawa.

A Legas da Ogun kuwa namu ruwan daga madatsar Oyan yake zuwa, kusa da Abeokuta. Idan ta cika aka buɗe ta, yawanci wajen Satumba da Oktoba, kogin Ogun yakan tumbatsa ya shiga Isheri da Kara da Agiliti da bayan Mile 12. An gani a 2019, an sake gani a 2023.

To me ya sa abin ya fi shafarmu? Saboda inda muke zama. Baƙo yana neman inda haya ke da sauƙi kuma kusa da kasuwa, irin waɗannan wurare kuwa yawanci fadama ce da aka cike, ko bakin kogi. Kara dole ta kasance kusa da ruwa saboda dabbobi. Ɗaki ɗaya mutum takwas ko goma, masai ɗaya gida guda, rijiya kuma ba ta da zurfi tunda a nan ruwa yana kusa da saman ƙasa. Idan ambaliya ta zo, masai da kwata da rijiya duk sai su zama abu ɗaya. Bayan kwanaki ruwan ya janye, a share ɗaki, a shanya katifa, a ce alhamdu lillahi an tsira. Amma rijiyar nan ta riga ta sha abin da ta sha.

Nan ne kwalara, wato amai da gudawa, ke samun ƙofa. Ƙwayar cutar tana fita ne ta bayan gidan mai ɗauke da ita, ta shiga cikin wani ta ruwa ko abinci. Tana iya nuna kanta cikin awa 12, tana iya kai kwana 5. Alamar da ba ta ɓuya ita ce gudawa fara tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa tare da amai, sai jijiyoyin ƙafa su riƙe, ido ya faɗa. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ƙato majiyi ƙarfi ma yana iya tafiya a yini ɗaya. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a jihohinmu na Arewa. Kada wani ya ce ciwon ƙauye ne. A watan Yunin 2024 ta ɓulla a Legas, ta fi tsanani a Lagos Island da Eti-Osa da Kosofe, kuma kafin watan ya ƙare mutum fiye da 20 sun rasu.

Akwai wani abu a ɓarkewar 2024 da ya kamata mu riƙe. Jami'an lafiya na jihar sun ce da yawa daga waɗanda suka fara kamuwa a Eti-Osa sun sha wani kunun aya na roba marar rajista. Ba su ce Bahaushe ne ya yi shi ba. Amma jama'a, mu duba sana'o'inmu a garuruwan nan: 'yan ga-ruwa, masu shayi, masu tsire, masu yankan kankana da abarba, masu fura da nono, masu sayar da ayar kanta. Duk abin da ke shiga cikin mutane ne. Ɗan ga-ruwa ɗaya da ya ɗebo daga gurɓatacciyar rijiya zai iya raba cuta gida ashirin bai sani ba. Ranar da aka ce daga kurar ɗan Arewa cutar ta fito, wallahi ba shi kaɗai zai ɗanɗana ba. Wanda ya ga rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ya san yadda ƙaramar hatsaniya a kasuwa take zama ta ƙabila, a wayi gari shaguna sun zama toka. Saboda haka tsabtar jarka da kura kare rai ce, kuma kare kasuwarmu ce.

Sai kuma halayenmu idan ciwon ya shigo gida. Na ɗaya, a ruga kemis a sayo Flagyl da kafso a ɗura wa mutum, a zauna jiran sauƙi, alhali ruwan jikinsa ne ke tsiyaya. Na biyu, a ɓoye saboda kunya, ko tsoron kada jami'ai su rufe gida ko rumfa. Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne "a kai shi gida." Mun saba idan ɗan'uwa ya kwanta a haɗa kuɗin mota a tura shi wurin iyayensa, kuma zumunci ne ya kawo hakan. Sai dai daga Legas zuwa Kano ko Sakkwato tafiyar yini da kwana ce. Mai kwalara ba shi da wannan lokacin. Ko dai ya cika a hanya, ko ya isa ya kai cutar garinsu, bayan ya bar ta a duk tashar da aka tsaya.

Abin yi bai da tsada. Da zarar gudawa irin wannan ta fara, a soma ba shi ORS, ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a kowane kemis. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, daidai da fiya wata leda biyu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da yana amai, ana ba shi ana kan hanyar asibiti mafi kusa, domin wanda ya galabaita sai an yi masa ƙarin ruwa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jaririnta nono. Idan aka samu kulawa da wuri, cikin mutum 100 ko ɗaya ba ya rasuwa. Akwai kuma lambar NCDC ta kyauta, 6232. Bayan ambaliya, ruwan rijiya sai an tafasa ko an sa Waterguard. In kuwa rai ya yi halinsa, masu wankan gawa su sa safar hannu su nemi shawarar ma'aikatan lafiya, domin gawar tana ɗauke da cutar.

Gwamnati na da nata laifin, kuma za mu ci gaba da faɗa. NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya tun farkon shekara, amma a nan Kudu galibi da Turanci yake iso mana, sai kuma gidajen rediyon jiha su maimaita da Yarabanci ko Ibo. Ɗan dakon da ya zo daga Jigawa wata uku da suka wuce ba ya jin ko ɗaya. Wannan giɓin namu shugabannin ne za su cike shi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na kasuwa suna da lambobin jami'an ƙaramar hukuma, su karɓo gargaɗin su juya shi Hausa, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, a tura saƙon murya a WhatsApp. Kuma tunda ana karɓar kuɗi a kan kowace dabba da kowace mota da ta shigo kasuwa, ba laifi ba ne mu tambaya a ware wani abu a gina masai mai tudu, a tono burtsatse, a ajiye kwalin ORS a ofishin ƙungiya.

Ba mu da ikon rufe Lagdo ko Oyan, kuma ba kowa ke da halin tashi daga bakin kogi ba. Amma ruwan da za mu sha, da wanda za mu sayar wa mutane, da awannin farko na mara lafiya, waɗannan a hannunmu suke. Kafin Satumba ta shigo, kowace unguwa ta zauna ta san wace rijiya za a daina sha idan ruwa ya hau, wane asibiti ya fi kusa, kuma wa ke da abin hawan da za a buga wa waya cikin dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.