Tikiti Mai Araha Ko Mai Kai Mutum Da Wuri?

Yau maganarmu a kan tikitin jirgin sama ce, don mun ga da yawanmu in za su tafi saro kaya, abu ɗaya suke tambayar ejan: wanne ya fi sauƙin kuɗi? To, mu dai a ganinmu wannan lissafi bai cika ba.

Kano ta daɗe da jirgi. Tun 1925 jirgin farko ya sauka a nan. Amma kamfanin Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, KLM kuma ya daina zuwa Kano a 2012. Saboda haka yawancin tafiyarmu ta nesa sai an yada zango, ko a Adis Ababa, ko Alƙahira, ko kuwa mutum ya fara gangarawa Abuja ko Ikko. Mai zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin ba shi da jirgin da zai ɗauke shi daga Kano ya dire shi can kai tsaye. Ta Adis Ababa, awa huɗu zuwa biyar ne a sama, sannan a sake wasu goma ko fiye, ban da zaman jira.

Ba mu ce yada zango ba shi da amfani ba. Sau da yawa ya fi araha, mutum ya miƙe ƙafa, ya yi sallarsa a natse. Wasu kamfanoni ma sukan ba da masauki in jiran ya yi tsawo. Amma fa a tambaya tun kafin a biya, kada a dogara da "an ce".

Ga inda asarar take. In jiran ya yi gajarta, jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi ya bar ka. In ya yi tsawo, ka kwana bisa kujera cikin sanyi, kana rungume da jakar kuɗi, barci ba dama. Ka isa a gajiye, ga agogon Sin ya riga namu da awa 7, washegari ka shiga ciniki da kai mai nauyi. Wanda bai yi barci ba ai shi ake yi wa tsada. Kuɗin da ka rage a tikiti ya zube a farashin dila guda. Araha ba ta ado.

Mafi haɗari shi ne yankan tikiti biyu dabam-dabam, wato na gida zuwa Ikko, sannan na waje. A Ikko tashar jiragen gida dabam, ta waje dabam, sai ka kwashi kayanka ka shiga mota. In na gida ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kai za ka ɗauki asara. Wajen dawowa kuwa, awon kayan da jirgin gida ke bari bai cika kai na waje ba, sai a caje ka kuɗin ƙari.

Kaya ma wurin sauya jirgi suka fi yin baya. A sani, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1999, diyyar akwatin da ya ɓace tana da iyaka, ko da hajar ciki ta fi haka daraja. Don haka samfur da rasit da kuɗi su zauna a jakar hannu. In akwati bai fito ba, a cika takardar ƙorafi kafin a bar filin jirgi, a kuma adana ɗan tikitin kayan.

Shawararmu ke nan. Inda akwai jirgin kai tsaye, in bambancin kuɗi bai wuce ribar yini guda a rumfa ba, a hau shi. Inda babu, a yanki tikiti ɗaya tun daga Kano har ƙarshen tafiya, zango ɗaya, jiran awa uku zuwa huɗu. A sa kuɗin abinci da mota da kwanakin da rumfa ke hannun yara cikin lissafi, kamar yadda muke sa kuɗin dako a kan kowane buhu.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa lafiya. Haza wasalam.